Yadda ake cire ABS daga motar tsere ba tare da an ɓata birkinta ba

Idan ka buɗe bonet ɗin motar da aka ƙera don gudu, za ka ga wani ɗan akwatin alminiyam a gefe, fayif biyar ko shida na fita daga kansa, ga ɗan famfo maƙale a jikinsa, ga katon soket na wayoyi. Wannan shi ne akwatin ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa ta ja ƙasa idan an taka birki da ƙarfi. Kwance shi bai wuce aikin awa guda ba. Abin da ke cin kwanaki shi ne mayar da ayyukan da akwatin yake yi a ɓoye, waɗanda mai mota bai san da su ba sai ranar da bayan motar ya wuce gabanta a kwana.

Tun kafin a ɗauki sifana, a san wace mota ake magana a kai. Wannan aiki na motar da ta bar titi ne, wadda ake ɗauka a tirela zuwa filin tsere a kuma dawo da ita a tirela. Motar da ake shiga gari da ita, ko da sau ɗaya a wata ne, ba a cire mata ABS. Tun 1978 da Bosch da Mercedes-Benz suka sa shi a S-Class, amfaninsa na farko bai canja ba: direban da ya firgita ya danne birki har ƙasa zai iya juya sitiyari ya kauce wa abin da ke gabansa. A titi kuwa firgita ita ce ke taka birki, ba gwaninta ba. Ƙasashe da dama ma ba za su ba motar takardar lafiya ba. A Birtaniya, fitilar ABS da ke nuna matsala kaɗai ta isa ta kayar da mota a gwajin lafiyar mota da ake kira MOT. Kamfanin inshora kuma yana da hujjar ƙin biya idan ya gano an cire.

Me ya sa ake cirewa

Dalilai na gaskiya ba su da yawa. Akwai rukunin tseren da dokarsa ta hana, kamar yadda Formula 1 ta hana tun kakar 1994. Akwai masu tseren zamiya, waɗanda ke ƙame tayoyin baya da gangan da birkin hannu mai aiki da mai, ABS kuwa aikinsa ke nan ya hana su. Akwai masu gudu a kan tsakuwa, inda tayar da ta ɗan ƙame take tara tsakuwa a gabanta ta tsaya da wuri, tsohon ABS kuma sai ya riƙa sakin birki yana ƙara nisa. Sai tsofaffin na'urorin da ke rikicewa a filin tsere: an sa tayoyi masu kama ƙasa fiye da waɗanda aka tsara su a kai, ƙafa ɗaya ta hau gefen hanya ta ɗaga sama, na'urar ta zaci a kan ƙanƙara take, feda ta yi tauri kamar dutse mota kuma tana ta tafiya. Wanda wannan ya taɓa samu ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Dalilin rage nauyi, a ganina, ba dalili ba ne. 'Yan kilo ne ba su taka kara sun karya ba. Haka nan zancen cewa gwani ya fi ABS iya tsayar da mota. Motocin rukunin tsere na GT3 da ƙwararru ke tuƙawa da ABS suke tsere. Idan dokar rukuninka ta yarda da shi kuma naka ne kawai ya tsufa, ka fara tunanin musanya shi: Bosch na sayar da na tsere, masu tsere da yawa kuma suna dasa Teves MK60 na BMW M3 samfurin E46 a wasu motoci. Idan bayan duk wannan cirewa ce mafita, to ga yadda ake yi.

Abin da akwatin yake riƙe maka

A nan ya kamata a daɗe, don duk sauran aikin daga nan ya fito.

Idan aka taka birki, nauyin mota yana komawa gaba. Ɗauki mota mai kilo 1,200, rabi a gaba rabi a baya, tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 2.5, cibiyar nauyinta rabin mita daga ƙasa. A birki mai ƙarfi, irin wanda tayoyi masu kyau ke iya bayarwa a busasshiyar kwalta, kashi ɗaya cikin biyar na nauyin, wato kilo 240, yana barin baya ya hau gaba. Gaba ya zama 840, baya ya rage 360. Tayar da ba ta da nauyi a kanta ba ta iya ɗaukar birki mai yawa. Idan aka ba baya matsin mai daidai da na gaba, shi zai fara ƙamewa.

Ƙamewar gaba da ta baya ba ɗaya ba ne. Gaba ya ƙame, mota ta ƙi jin sitiyari ta miƙe, ka sassauta ƙafa kaɗan ta dawo hannunka. Baya ya ƙame, babu abin da ke riƙe shi a layi, sai ya zagayo. A gudun kilomita 150 wannan kan faru kafin hannu ya motsa.

Tsofaffin motoci suna da bawul na ƙarfe da ke rage wa baya matsi, a jikin masta (famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu) ko a kan fayif ɗin baya. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni suka fara barin wannan bawul, suka ɗora aikin a kan akwatin ABS, abin da ake kira EBD. Ma'ana, a motar da ke da EBD, ranar da ka cire akwatin ko ka zare fiyus ɗinsa, baya yana samun matsi cikakke. Shi ya sa shawarar nan ta «zare fiyus ka gwada» take da haɗari. Ba motar da ba ta da ABS kake gwadawa ba, motar da rabon birkinta ya lalace ce.

Mataki na farko: gane irin tsarin motarka

Nemi littafin gyaran motar na kamfani, da zanen fayif da na wayoyi. Tambayoyi huɗu za ka amsa.

Na ɗaya, shin akwatin ABS daban yake da masta da busta, wato abin ƙara ƙarfin birki? A yawancin motocin da ake wannan aiki a kansu haka ne, kuma su ne wannan jagora ta shafa. Amma akwai tsofaffin tsare-tsare irin Teves Mk II, inda masta da ABS da abin ƙara ƙarfin birki duk a dunƙule suke, da wata 'yar tukunya mai riƙe mai da matsi fiye da bar 100 (bar ma'aunin matsi ne) ko da mota a kashe take. Irin wannan sai an kashe mota an taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin a taɓa noti ko ɗaya, kuma cire shi yana nufin sayen sabon masta da busta gaba ɗaya. Akwai kuma sababbin motoci irin Alfa Romeo Giulia, inda lantarki ne ke haɗa matsin birkin. A nan babu abin cirewa, akwatin shi ne birkin. Ka bar shi.

Na biyu, yaya aka raba layukan? Masta yana da ɗaki biyu domin idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. Wasu motocin, galibi masu tura kansu da ƙafafun baya, ɗaki ɗaya na ciyar da gaba, ɗayan na ciyar da baya. Wasu kuwa, galibi masu ja da gaba, gicciye aka yi: gaban hagu da bayan dama a layi ɗaya, gaban dama da bayan hagu a ɗayan. Na farkon shi ne mai sauƙi. Na gicciyen yana buƙatar ko dai bawul biyu masu aiki daidai wa daida, ko a mayar da shi gaba da baya, wanda kuma sai an tabbatar ɗaki ɗaya na masta yana iya tura man da ya ishi kalifa biyu na gaba, wato abubuwan da ke matse takalman birki a ƙafafu, ba tare da feda ta nutse ba.

Na uku, fayif nawa ke fita zuwa baya? Ɗaya ne da ke rabuwa a can kusa da ƙafafun, ko biyu? Ƙidaya kawai za ka yi.

Na huɗu, daga ina agogon gudu yake samun labari? Za mu dawo kan wannan.

Idan samfurin motarka ya taɓa fitowa daga kamfani ba ABS, kamar Mazda MX-5 na farko da na biyu, ka yi sa'a. Nemi fayif-fayif da bawul na wadda ba ta da shi. Injiniyoyin kamfani sun riga sun yi maka lissafin, fayif ɗin kuma a lanƙwashe suke daidai da jikin motar.

Mataki na biyu: kayan aiki

Fayif ɗin birki mai kauri milimita 4.75, wanda ake kira inci 3/16. Na ƙarfe yana yi, amma na jan ƙarfe da aka gauraya da nikel ya fi sauƙin lanƙwasa kuma ba ya tsatsa. Tsantsar jan ƙarfe irin na firji ba ya shiga nan, girgiza tana sa shi ya tsage. Notoci masu zare daidai da na motarka: yawancin motocin Jafan da na Turai M10 x 1.0 ne, wasu ramukan masta M12 x 1.0, motocin Amurka da kayan tsere da yawa kuma 3/8-24. M10 da 3/8 sun yi kama ƙwarai, har ɗaya yakan shiga ramin ɗaya ya yi kamar ya kama, sai an matsa masa ya zame. Auna, kar ka yarda da ido.

Sai mahaɗa mai baki uku, ɗaya ko biyu. Bawul mai rage matsin baya wanda ake iya daidaitawa, irin na Wilwood mai murɗawa ko na Tilton mai ɗan hannu. Na'urar yi wa bakin fayif leɓe, abin yankan fayif, abin lanƙwasa, sifanar notin fayif mai tsaga a baki, lamba 10 da 11. Man birki sabo a rufe, lita ɗaya aƙalla. Tsummoki da ruwa a kusa, don man birki yana cin fenti.

A na'urar leɓe kar ka yi rowa. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta tsayar da mota.

Mataki na uku: kwancewa

Cire kan batir na ƙasa. Ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa. Cire tayoyi. Zuƙe man da ke cikin robar masta da sirinji.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto, sannan ka manna wa kowane fayif takarda ka rubuta inda ya nufa. A jikin akwatin akan buga haruffa kusa da kowane rami. MC shi ne mai zuwa daga masta. FL, FR, RL, RR ƙafafu huɗu ne, a na Jamus kuma VL, VR, HL, HR. Duk da haka ka bi kowane fayif da yatsa har ƙarshensa. Abin da ya fi muhimmanci ka rubuta shi ne wane rami na masta ke ciyar da gaba, wane ke ciyar da baya, don ba duka motoci ne suke bin tsari ɗaya ba, kuma a wasu mastoci ɗakunan biyu ba girmansu ɗaya ba.

Fesa wa notocin man sassauta tsatsa, ka ba su lokaci. Da sifana mai tsaga za ka kwance, sifana ta gama-gari tana cinye kusurwar notin. Kowane fayif ya fita, toshe bakinsa da hula ta roba. Zare soket ɗin, kwance notocin da ke riƙe da akwatin, ɗaga shi a miƙe don akwai sauran mai a ciki. Toshe ramukansa ka ajiye shi wuri mai tsabta. Wataƙila wata rana ka sayar da motar, ko ka canja rukunin tsere.

Mataki na huɗu: sabon layi

A tsarin gaba da baya, zanen mai sauƙi ne. Daga ramin masta na gaba, fayif ya tafi mahaɗa mai baki uku, daga nan ya rabu hagu da dama. Daga ramin baya, fayif ya shiga bawul ta ƙofar shiga, ya fita ta ƙofar fita, ya nufi baya. Idan fayif biyu ne ke zuwa baya, sai mahaɗa ta biyu bayan bawul ɗin.

Abubuwa uku ba a yi. Ba a haɗa layin gaba da na baya a mahaɗa ɗaya, don hakan ya kashe amfanin ɗaki biyu, tiyo ɗaya ya fashe ka rasa birki gaba ɗaya. Ba a sa bawul ɗin a layin gaba. Ba a jera sabon bawul a bayan na kamfani idan motar tana da shi, ɗaya za ka zaɓa, in ba haka ba baya zai zama kamar ba birki, gaba ya ɗauki duka wahalar ya yi zafi.

Yanzu batun leɓe, inda yawancin yoyo ke fitowa. Zaren noti ba shi ke hana mai fita ba, leɓen fayif ne da ke zama a kan kujerarsa a cikin rami. Iri biyu ne a motocin kamfani. Motocin Jafan da na Amurka sun fi amfani da leɓe mai ninki biyu, wanda aka naɗe bakinsa ya koma ciki kamar mazurari. Motocin Turai sun fi amfani da mai kumburi, wanda bakinsa ya yi kamar ƙaramin kan albasa. Leƙa cikin ramin da tocila: idan ka ga ɗan tudu ya taso a tsakiya, mai ninki biyu yake so, idan ramin ya zurma ciki, mai kumburi ne. Kayan tsere na AN-3 kuma nasu daban ne, digiri 37, ba sa zama da leɓe mai ninki biyu, wanda digiri 45 ne. Leɓe mai ninki ɗaya a kan noti na kamfani ba ya jure matsin birki, wanda a taka mai ƙarfi yakan kai bar 70 zuwa 100. Haka ma mahaɗar da ake matsewa da zobe irin ta fayif ɗin ruwa.

Yanka fayif a miƙe, kankare bakin ciki da waje, hure ƙurar ƙarfen. Zura notin kafin ka yi leɓen. Kowa ya taɓa mantawa da wannan, kuma kullum a leɓen da ya fi kyau ake mantawa. Ɗiga man birki kaɗan a kan na'urar, matsa a hankali. Duba abin da ya fito a haske: idan ya karkace ko yana da tsaga ko da kamar gashi ce, yanke ka sake. Yi atisaye a guntaye biyar ko shida kafin ka taɓa na gaske.

Dabara ɗaya mai rage ɓarna ita ce ka fara lanƙwasa waya mai tauri ta bi hanyar da kake so, sannan ka kwaikwaye ta da fayif. Nisanta layin daga salansa da duk abin da ke juyawa. Kar ya goga jikin ƙarfe ko'ina, inda zai ratsa bango a sa masa zoben roba ko mahaɗar ratsa bango. Ɗaure shi da maƙalai masu roba duk bayan kamar taƙi ɗaya ko biyu, mahaɗa da bawul kuma a kafa su a jikin mota da noti, kar a bar su suna lilo a kan fayif. Ka guji yin tudun da ya fi masta tsawo, iska tana son ɓuya a nan.

Masu tsere da yawa suna shigo da bawul cikin mota kusa da giya don su daidaita shi suna tafiya. Yana da amfani idan ruwa ya sauko ana tsaka da tsere, amma fayif ya ƙaru, mahaɗai sun ƙaru, kuma ka duba ko dokar rukuninka ta yarda. Mai farawa, a ganina, ya bar shi a ƙarƙashin bonet, inda hannu ba zai kai gare shi da wasa ba.

Kowane noti ka fara ɗaura shi da yatsa, zagaye uku ko huɗu, kafin sifana ta taɓa shi. Idan ya yi tauri tun farko, ya hau zare ba daidai ba. Matsewar ƙarshe kaɗan ce, a yawancin motoci wajen Nm 15 a ma'aunin ƙarfin matse noti, amma bi littafinka. Ba a naɗa farin tef a notin leɓe. Inda kawai ake sa abin toshe zare shi ne zare mai tsukewa irin 1/8 NPT da ke jikin wasu bawuloli.

Mataki na biyar: wayoyi

A tsohuwar motar da agogon gudunta ke karɓa daga giyabos ko daga difaranshal, kamar BMW E36, aikin kaɗan ne. Zare fiyus da rile na ABS, naɗe soket ɗin ka rufe shi kar ruwa ya shiga, ɗaure shi gefe. Kar ka yanke wayoyi.

A sabuwa kuwa, akwatin ABS ne ke karanta gudun tayoyi ya raba wa kowa. BMW E46 da Nissan 350Z haka suke. Ka cire shi, agogon gudu ya mutu, na'urar hana zamewa ta mutu, sitiyari mai lantarki na iya rikicewa don bai san gudun da ake yi ba, kwamfutar inji ma a wasu motoci takan rage ƙarfi. Mafita biyu ce. Ko ka bar ɓangaren lantarkin akwatin a jone da soket ɗinsa da na'urorin ƙafafu huɗu, ka toshe ramukan mai, ya ci gaba da aika labarin gudu alhali ba ya taɓa birki. Ko ka sa wata 'yar na'ura da ke karanta gudu ta aika a madadinsa a layin CAN, wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansu. Bayan ka gama, batir a cire, auna tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar binciken mota, idan layin CAN na motarka yana fitowa a nan. Lafiyayyen layi yana nuna om 60. Idan ka ga 120, to abin da ka cire yana ɗauke da ɗaya daga cikin resistoci biyu masu rufe layin, sai ka mayar da resista mai om 120 a gurbinsa.

Na'urorin da ke ƙafafu ka bar su a ramukansu ko da ba sa aiki, a wasu motoci su ne murfin da ke hana ƙura da ruwa isa boris. Fitilar ABS mai ruwan ɗorawa za ta zauna a kunne, wannan ba komai. Amma jar fitilar birki kar ka kashe ta, ita ce ke gaya maka mai ya ragu a roba.

Mataki na shida: cire iska

Idan masta ya bushe, fara cire masa iska shi kaɗai: gajerun tiyo biyu daga ramukansa su koma cikin robar, a riƙa tura shi a hankali har kumfa ya ƙare. Sannan a jona layuka.

Buɗe bawul ɗin gaba ɗaya, wato ɓangaren da ke ba baya matsi cikakke, don mai ya wuce ba cikas. Zuba man birki samfurin DOT 4 ko DOT 5.1. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, DOT 5.1 kuma 260, akwai kuma man tsere da ya fi su. DOT 5, wanda ba shi da ɗigo ɗaya a gaba, na silikon ne, ba ya gauraya da sauran. Fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, sai dai idan littafin ya ce wani abu daban. Mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗe ɗan notin kalifa yana rufewa kafin a ɗaga ƙafa. Kar robar ta ƙafe, in ta ƙafe an koma farko. Ƙwanƙwasa mahaɗa da bawul da bayan sukuddireba, kumfan da ya maƙale ya saki. Zagaya ƙafafun sau biyu.

Goge kowane noti ya bushe. Tayar da inji, taka feda da dukkan ƙarfinka ka riƙe daƙiƙa 30. Kada ta motsa. Idan tana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta ya gaji. Idan tana da laushi kamar soso, akwai sauran iska. Bi kowace mahaɗa da farar takarda, ɗigo ɗaya zai nuna. Notin da ke tsatsafowa ka sassauta ka sake matsewa sau ɗaya don leɓen ya zauna, idan bai daina ba sake leɓen. Ƙara masa ƙarfi tsaga shi kawai zai yi.

Mataki na bakwai: daidaita rabo

Bawul ɗin ba ya ƙara matsi, ragewa kaɗai yake yi. A birki mai sauƙi yana barin mai ya wuce yadda ya zo. Idan matsi ya kai wani mataki, daga nan na baya sai ya riƙa hawa a hankali fiye da na gaba. Abin da kake murɗawa shi ne inda wannan mataki yake. Wannan ya dace da lissafin da muka yi a sama, don nauyi bai cika barin baya ba sai birki ya yi ƙarfi.

Mayar da bawul ɗin ƙarshen da ya fi rage wa baya. A masu murɗawa galibi warwarewa waje ne, amma karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Je fili a rufe, shimfiɗaɗɗe, busasshe, ba kowa a gaba, da tayoyin da za ka yi tsere da su. Fara da tafiyar ƙafa ka tabbatar tana tsayawa. Sannan kilomita 30, sannan 50 zuwa 60, a miƙe. Manna farin tef a gefen kowace taya, ka sa wani ya tsaya can nesa a gefe yana kallo ko yana ɗaukar bidiyo. Ƙara ƙarfin taka a hankali har wata taya ta ƙame.

Da farko gaba ne zai ƙame da wuri, baya bai san ana yi ba. Murɗa rabin zagaye ka ƙara wa baya, ka sake gwadawa. Ci gaba har ka kai inda baya ya fara ƙamewa tare da gaba, ko ka ji gindin motar yana rawa. Daga nan koma baya zagaye ɗaya. Abin da ake nema shi ne gaba ya riga baya kaɗan, kowane lokaci. Rubuta adadin zagayen daga ƙarshe, ka sa alamar fenti.

Idan bawul yana ƙarshen ragewa amma baya na ci gaba da riga gaba, kar ka fita tsere a haka. Matsalar ta wuce bawul, sai an canja takalman birkin baya zuwa marasa kamu sosai, ko a ƙara na gaba, ko a duba girman kalifa. Idan kuma ƙafa ɗaya ce tak ke ƙamewa kullum, duba iskar tayar, da kalifar da ke maƙalewa, da nauyin da ke kan kowace kusurwa.

Saitin da ya yi a kilomita 60 a miƙe ba lallai ya yi a filin tsere ba, inda ake shiga kwana ƙafa na kan birki kuma, a motar da ke tura kanta da ƙafafun baya, inji na riƙe tayoyin baya idan an sauko da giya. A ranar farko ka rage wa baya fiye da yadda gwajin ya nuna, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tanki cike da tanki wofi suna canja rabon. Sabuwar taya ma haka. A jiƙaƙƙiyar hanya birki ba ya kai ƙarfin da zai kwashe nauyi zuwa gaba sosai, don haka baya yana iya ɗaukar kaso mafi girma, abin da ke ba mutane da yawa mamaki.

Sauran aikin na ƙafarka ne. Taya ta fi kama ƙasa lokacin da take juyawa ƙasa da gudun mota da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, dab da ƙamewa. Da ABS kana danne feda ka bar masa neman wannan wuri. Yanzu kai za ka taka da ƙarfi tun farko, lokacin da gudu yake da yawa, ka riƙa sassautawa yayin da yake raguwa, ka kuma saki kaɗan da zarar sitiyari ya yi sakwa-sakwa ko ka ji ƙarar taya ta canja. Ƙamewa ɗaya mai tsawo a babban gudu tana goge taya wuri guda ta yi faɗi, daga nan kullum a wurin za ta riƙa ƙamewa tana girgiza sitiyari. Saboda haka tsofaffin tayoyi ake koyo da su.

Bayan zagayen farko a fili, shigo ka ɗaga bonet tun da zafinta, ka sake bin kowane noti da farar takarda, ka duba ko wani fayif ya fara sheƙi inda yake gogar ƙarfe. Washegari ka sake cire iska sau ɗaya, don zafi da girgiza sukan tattaro ƙananan kumfan da suka ɓuya a mahaɗa su kai su kalifa.